Sannunku da Aiki, Iyayen Gidan Yoshiwara

Ranku ya daɗe, masu gidajen Yoshiwara, sannunku da aiki. An daɗe ana zaginku a littattafai da majalisu, ba a samu wanda ya miƙe ya yi muku godiyar da ta dace da ku ba, alhali kun shafe sama da shekara 340 kuna ɗauke wa hukuma nauyin 'ya'yan talakawa. Tun 1617, da gwamnatin Tokugawa ta yanka muku fili a birnin Edo, wanda yau ake kira Tokyo, ta ce ku haɗa sana'arku wuri guda, ba ku taɓa mayar da uba matalauci hannu rabbana ba. Manomin da shinkafarsa ta ƙi, ko haraji ya sha masa kai, in dai yana da 'ya, kun karɓe shi hannu bibbiyu, kun ƙirga masa kuɗi a tafin hannu, kun rataya bashin a wuyan yarinyar. Ina aka taɓa ganin karamci irin wannan?

Bayan gobarar 1657 aka mayar da ku bayan Asakusa, aka zagaye unguwar da gwalalo, aka bar ƙofa ɗaya tak da masu gadi, don kada wata yarinya ta ɓata hanya ta faɗa hannun mugaye a waje. Da yamma kuka jera su a bayan tagogin katako, an shafe su da farar hoda, mai wucewa ya leƙa ya zaɓa. Kuɗin tufafi a kanta, kuɗin kwalliya a kanta, kuɗin magani in ta kwanta a kanta, duk don ta koyi tattali. Wadda ajali ya riska kafin ta gama biya ma ba ku bar ta a titi ba. Ga haikalin Jokanji nan kusa, a Minowa, inda ake kai gawa a naɗe cikin tabarma a ajiye. An kiyasta mata wajen 25,000 ne ke kwance a wurin, yawancinsu ba su wuce shekara ashirin da 'yan kai ba.

Wanda ya fi kowa adana muku wannan tarihi na alheri shi ne Kenji Mizoguchi, a fim ɗinsa na ƙarshe, Akasen Chitai, wanda ya fito a watan Maris na 1956, wata biyar kafin rasuwarsa. Labarin wani gida ne a Yoshiwara a daidai lokacin da majalisar Japan ke muhawara kan ƙudurin hana karuwanci, rediyo na ta kawo rahoto, kowa a gidan ya kasa kunne. Mai gidan, Taya, yakan tara matan ya yi musu huɗuba: 'yan majalisa ba su san komai ba, shi da ire-irensa ne ke yin aikin jinƙan da gwamnati ta gaza yi, su ne ke hana matan nan mutuwa da yunwa. Gaskiyarka, mai gida. Bari mu ƙirga waɗanda ka ji ƙansu, don kada ladanka ya salwanta.

Ga Hanae, mai tabarau, wadda ke barin jariri a hannun mijinta mai tarin fuka, marar aikin yi, ta zo ta tsaya tana kiran maza, ta koma da kuɗin magani da na madara. Wata rana ta dawo ta tarar da shi yana ƙoƙarin rataye kansa. Ga Yumeko, bazawara, shekaru sun fara ja, ta daɗe tana aika kuɗi ƙauye a rena mata ɗanta, ba ta da wani buri sai ranar da zai girma su zauna tare. Ya girma, ya zo Tokyo, ya hango ta a bakin ƙofa tana jan masu wucewa, ya ce mata ido da ido ba shi ba ita. Hankalinta ya gushe, aka zo aka ɗauke ta. Ga Miki, 'yar mai kuɗi daga Kobe, wadda ubanta ya biyo don ya mayar da ita gida, saboda sunan gidansu na ɓaci. A bakinsa ta ji uwarta ta rasu, shi kuma har ya yi sabon aure. Sai Yasumi, wadda ta shigo don ta biya belin ubanta, ta kuma gane da wuri cewa a gidan nan ba mai tsira sai wanda ya zama irinka. Ta riƙa ba 'yan'uwanta rance da ruwa, ta tatse wani ma'aikaci har ya ɗebi kuɗin kamfaninsu saboda ita, ya shaƙe ta saura ƙiris ta mutu, ta tashi ta karkaɗe jiki ta sayi kantin katifu da barguna. Ita kaɗai ta fita da ƙafafunta, kuma da karatun da ka koya mata ta fita. Madalla da malami.

Ta biyar ɗinsu, Yorie, ita ce ke sa ni ajiye gaisuwa in yi magana kai tsaye. Ta daɗe tana sayen 'yan kayan girki tana adanawa, domin akwai wani mai yin takalman katako da ya yi mata alkawarin aure. Da za ta tafi, sauran matan suka haɗu suka yi mata 'yar walima, kowace ta kawo gudummawarta, suka sallame ta. Duba waɗanda suka yi wannan. Mata ne da ake bi bashi, waɗanda kullum suke takara a bakin ƙofa ɗaya, kowace ta san in 'yar'uwarta ta samu baƙo ita ta rasa. Ba abin da za su ƙaru da shi a auren Yorie, amma suka yi mata abin da uwa da dangi ke yi wa amarya, saboda ba ta da wasu sai su. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ba ta daɗe ba ta dawo, don ashe mijin baiwa yake nema wadda ba sai ya biya ba, kuma ƙofar da ta tarar a buɗe ita ce taka, mai gida. Ka karɓe ta, ka kyauta.

Gurbin waɗanda suka tafi ma ba ka bar shi ba kowa ba. Akwai 'yar aikin gidan, Shizuko, yarinya ƙarama da talauci ya koro daga ƙauye. A ƙarshen fim magajiya ta zaunar da ita ta shafe mata fuska da wuya da hoda, ta tura ta bakin ƙofa. Ta laɓe a jikin bango, rabin fuskarta a waje, tana kiran masu wucewa da muryar da ko ita da kanta ba ta ji sosai. An samar wa wata marainiyar Allah aikin yi.

Amma bai kamata a yabi ɗan kwangila a manta da wanda ya ba shi kwangilar ba. Gwamnatin Japan, ranki ya daɗe, ga taki gaisuwar. A 1872 wani jirgin ruwan ƙasar Peru mai suna Maria Luz ya tsaya a Yokohama ɗauke da 'yan ƙwadagon China sama da 200 da ake kai wa aikin bauta. Kika nuna wa duniya ke ƙasa ce mai wayewa, kika kai magana kotu, kika 'yanta su. Sai lauyan jirgin ya tuna miki cewa a cikin gidanki ana sayar da 'yan mata ga gidajen karuwai da takarda da hatimi. Kunya ta kama ki, shekarar ba ta fita ba kika fitar da dokar 'yanta su. Ma'aikatar shari'arki ta bayyana dalilin yafe musu bashi da hikimar da ba za a manta ba: matan nan sun rasa matsayin ɗan Adam, daidai suke da shanu da dawaki, kuma ba a bin dabba bashi. Daga nan gidajen suka sauya suna suka zama masu ba da hayar ɗaki, matan kuma aka rubuta cewa da yardarsu suke haya. A 1900 kika ba mace damar barin sana'ar in ta so. A 1902 babbar kotunki ta ce ta bari ɗin, amma bashin yana nan. Sai a 1955 kotun ƙoli ta soke irin wannan bashi. Shekara 53 kenan na haƙuri da dogon nazari, tunda gaggawa aikin shaiɗan ce.

In kuwa gaggawar ta zama dole, kin iya ta. An miƙa wuya a Yaƙin Duniya na Biyu ranar 15 ga Agusta 1945. Ranar 18 ga wata, Tokyo na toka, mutane na kwana a tashoshin jirgin ƙasa, ma'aikatar cikin gida ta aika wa 'yan sandan larduna umarni su tanadi gidajen shaƙatawa ga sojojin mamaya da ke tafe. Aka kafa ƙungiyar da ake kira RAA da kuɗin da gwamnati ta tsaya aka ranto, aka manna talla ana neman sababbin matan Japan, za a ba da abinci da sutura da wurin kwana. Zawarawan yaƙi da marayu suka zo, wasunsu a zatonsu aikin ofis ne. Manufar da aka bayyana ita ce a yi shinge da jikin waɗannan don a tsare mutuncin 'ya'yan gidan mutunci. Kafin watan ya mutu gidan farko ya buɗe a Omori. A watan Maris na 1946 ciwon sanyi da tunjere suka yi yawa a cikin sojojin Amurka, hukumarsu ta hana su zuwa, aka sallami matan zuwa titi. 'Yan sandan da suka taimaka aka tara su, su ne kuma suka koma kama su mota-mota ana kai su asibiti gwajin dole, abin da Mizoguchi ya nuna a Yoru no Onnatachi na 1948, a kangayen Osaka. Da Amurkawa suka ce a soke karuwancin lasisi, sai aka ɗauki jan alƙalami aka zagaye tsofaffin unguwannin a taswirar 'yan sanda, gidajen suka zama wuraren cin abinci na musamman. Tsugune ba ta ƙare ba.

Sojojinki kuwa sun riga kowa sanin wannan tsari. Taijiro Tamura, wanda ya yi yaƙi a China, ya rubuta labarin wata 'yar Koriya da aka kai wa dakaru. Da aka mayar da shi fim a 1950, masu tace fina-finai na mamaya suka yi ta dawo da rubutun har ta koma mawaƙiya mai nishaɗantar da soja. Da Seijun Suzuki ya sake yin sa a 1965, jarumar ta zama 'yar Japan. Sai a watan Agusta na 1991 wata tsohuwa, Kim Hak-sun, ta zauna gaban 'yan jarida a Seoul ta faɗi abin da aka yi mata da bakinta, a 1993 kika amsa cewa da hannun soja a ciki.

Iyaye maza da yayye, ba domin ku ba da dillali bai san hanyar ƙauye ba. Mizoguchi ya san ku tun a gida: kasuwancin ubansa ya karye, aka ba da yayarsa Suzu, ta ƙare a gidan geisha, kuma ita ta riƙe shi shekaru yana saurayi marar madafa. Geisha sana'arta kiɗa da rawa da iya zance, a ƙa'ida ba karuwa ba ce, Kyoto na alfahari da ita a gaban baƙi. Gion Bayashi na 1953 ya ɗaga labulen. Eiko, 'yar shekara 16, uwarta ta rasu, ta zo wurin ƙawar uwar, Miyoharu, ta roƙe ta ta koya mata sana'a. Uban ya ƙi tsaya mata ko da sa hannu. Miyoharu ta ci bashin yen 300,000 don kayan fitowar yarinyar, ba ta san kuɗin daga aljihun wani ɗan kasuwa suka fito ba, mai neman kwangila a wata ma'aikata, wanda ya shirya miƙa Miyoharu ga jami'in gwamnati, shi kuma ya ɗauki yarinyar. Eiko ta gantsara masa cizo a baki sai asibiti. Aka rufe musu kowace ƙofa a unguwar Gion, ba mai kiransu. A tsakiyar wannan ƙunci uban ya lallaɓo neman rance a wurin matar da ke riƙe masa 'ya, ta cire abin hannunta ta ba shi. A ƙarshe ita ce ta je ta kwana da jami'in da ta ƙi, don kada yarinyar ta je. Sannu, baba. Da irinku ake gane daɗin samun uba.

Sarkin yayye kuwa yana cikin Sandakan Hachiban Shokan, fim ɗin Kei Kumai na 1974, wanda aka ɗauko daga littafin Tomoko Yamazaki. Tun ƙarshen ƙarni na 19 ake kwasar 'yan mata daga Amakusa da Shimabara, yankunan da ƙasa ba ta ciyar da mai noma ta, ana ɓoye wasu a ramin kwal na jiragen ruwa, ana kai su Singapore da Borneo da Siberiya, har Zanzibar. Karayuki-san ake ce musu. Kuɗin da suke aikowa ya gina gidaje, ya sayi gonaki, ya buɗe wa 'yan kasuwar Japan hanya a ƙasashen kudu. Jaridar Yukichi Fukuzawa, mutumin da hotonsa ya shekara 40 a kan takardar yen 10,000, ta rubuta a 1896 cewa a bar su su tafi, akwai amfani a tafiyarsu. Da Japan ta ci yaƙe-yaƙe ta shiga sahun manya, sai ta ga matan nan abin kunya ne, ofishin jakadancinta a Singapore ya sa aka rufe gidajen a 1920. Kaza, ci ki goge bakinki.

An sayar da Osaki a kan yen 300 tana ƙaramar yarinya. Ta yi shara da wanke-wanke a gida mai lamba takwas a Sandakan, a Borneo ta Arewa da ke hannun Ingila a lokacin, har ranar da mai gidan ya ga ta isa. Ta yi ta aiko da kuɗi. Bayan shekaru ta dawo Amakusa ta tarar yayanta ya gina gida da guminta, ya yi aure. Ya roƙe ta kada ta zaga gaida maƙwabta, zamani ya sauya, mutane za su yi magana. Ta ji shi da matarsa suna ƙus-ƙus kan kada ta ce tana da haƙƙi a gidan. Ɗan da ta haifa daga baya shi ma ya girma ya zauna a Kyoto, yana aiko mata ɗan abin da ba ya isa, ita kuma ta tsaya can nesa da matarsa. Yaya da ɗa, kun cika maza, kun tsare sunan gida.

Waɗanda suka tsaya mata mata ne biyu. Ta farko Okuni, tsohuwar magajiya a Sandakan. Magajiya ce, da kuɗin sana'ar take ci, ba na wanke ta. Amma ita ce ta samu fili a kan tudu ta yi wa matan maƙabarta, don wadda ta mutu a baƙon wuri ta samu kabari da suna, ita ce kuma ta gargaɗi Osaki kada ta sa rai da gida. Fim ɗin ya nuna kaburburan a cikin daji, duk sun juya wa Japan baya. Ta biyu Keiko, 'yar boko mai bincike daga Tokyo, wadda ta haɗu da Osaki bayan ta tsufa, a wata bukka cike da kuliyoyi, tabarmin ƙasa sun ruɓe, shanshani na yawo a ciki. Keiko ta cije ta shiga ta zauna, ta yi mako uku a wurin tana cin abin da tsohuwar ke ci. Tsohuwar ta riƙa gaya wa maƙwabta matar ɗanta ce ta zo, domin matar ɗan ta gaskiya ba ta taɓa taka gidan ba. Keiko ta ɓoye abin da ya kawo ta, labari take nema ta rubuta, Osaki kuma ba ta tambaye ta ba, don ta san kowa da abin da ke hana shi magana. Da za su rabu Keiko ta faɗi gaskiya tana kuka, ta miƙa mata kuɗi. Tsohuwar ta ƙi karɓa. Abin da ta roƙa shi ne tawul ɗin da Keiko ta yi amfani da shi a kwanakin nan, don ta riƙa tunawa da ita. Da ya shiga hannunta sai ta fashe da kukan da ta haɗiye tun tana yarinya. Matar da aka yi wa farashi tun ƙuruciya ta samu mutum ɗaya da ya zauna a kan tabarmarta bai ƙyamace ta ba, ta ƙi yarda kuɗi ya shiga tsakaninsu. Kinuyo Tanaka ce ta fito a tsohuwar Osaki, ta kuma karɓi kyautar jaruma a bikin fina-finai na Berlin a 1975. Wanda ya kalli wurin nan bai ji komai ba, ya binciki zuciyarsa.

To, masu kamfanonin fim, kada ku ce an manta da ku, ku da kuka gano cewa hawayen karuwa ma haja ne. Labarin Tamura na 1947, Nikutai no Mon, sau huɗu kuka kai shi silima, a 1948 da 1964 da 1977 da 1988. Wasu 'yan mata ne da yaƙi ya cinye wa kowa suka haɗa kai a wani kango a Tokyo, ba magajiya a kansu, su ci tare, su kare juna. Dokarsu ɗaya ce: kada wadda ta ba namiji kanta kyauta, don ranar da aka fara kyauta farashin kowa ya faɗi. A fim ɗin Suzuki na 1964 kowace da launin rigarta, ja da kore da rawaya da shunayya, kuma akwai gaskiya mai ɗaci a ciki, cewa yunwa takan mayar da waɗanda suka rungumi juna su zama masu hukunta juna. Amma abin da kamfanin Nikkatsu ya nema, ya kuma samu, shi ne wadda ta karya doka an tuɓe ta, an ɗaure hannuwanta sama, ƙawayenta na zabga mata bulala, kyamara ta tsaya cak don mai tikiti ya more kuɗinsa. Daga 1971 kamfanin ya koma kusan kacokan kan fina-finan batsa har 1988, ya tsira daga karyewa. Jinjina gare ku. Mai gidan Yoshiwara sai mace tana raye take yi masa amfani, ku kun samo hanyar sayar da ita ko bayan ranta, a kuma kira abin fasaha.

Mizoguchi kansa yana da rabo a wannan gaisuwa. Ya san unguwannin nan ne a matsayin mai zuwa da kuɗi a aljihu, kuma a gadon bayansa akwai tabon reza da wata mace da yake zaune da ita ta yi masa a 1925. Da wahalar mata ya yi suna a bikin fina-finai na Venice, shekara uku a jere yana karɓar kyauta, daga 1952 zuwa 1954. Amma da Kinuyo Tanaka, wadda ta fito a fina-finansa sama da goma, ta koma bayan kyamara tana ba da umarni da kanta, yana cikin waɗanda suka tsaya mata a hanya. Mace ta yi kuka a gaban kyamara ya halatta, ta riƙe kyamarar kuwa abin ya yi yawa. Abin da zan shaide shi da shi guda ne: a fina-finan nan bai wanke namiji ba, har da mai kama da shi.

Tanaka ta riƙe kyamarar, ta yi fim shida. Na 1961, Onna Bakari no Yoru, wanda wata mace, Sumie Tanaka, ta rubuta, shi ya kawo mu kan mutanen kirki masu farar riga, waɗanda suka yi ta kira a rufe gidajen. An rufe, an kwashi matan an kai gidan gyaran hali. Kuniko ta fito da niyyar neman halal. A kantin da ta fara aiki, da aka gano tarihinta, matar gida ta tsane ta, mai gida ya fara lallaɓowa. A masana'anta ta ce bari ta faɗi gaskiya tun farko, sai 'yan mata ma'aikata irinta suka taru suka azabtar da ita. A gonar furanni wani saurayi ya so ta da aure, danginsa suka ce ba a gidansu ba. Madalla da mutanen kirki. Kun ce ta tuba, ta tuba, kun kuma tabbatar ba ta samu inda za ta sa ƙafa ba. Tanaka ba ta yi mana ƙaryar cewa kowace mace 'yar'uwar mace ce ba, amma wurin da ya karɓi Kuniko a ƙarshe shi ne cikin matan da ke nutso a teku suna neman abincinsu da ƙarfinsu.

Dokar da Taya yake tsoro an zartar da ita a watan Mayu na 1956, bayan 'yan majalisa mata irin su Ichiko Kamichika da Fusae Ichikawa sun yi shekaru suna kawo ƙuduri ana kayar da shi. A 1957 asiri ya tonu cewa ƙungiyar masu gidajen ta kai wa wasu 'yan majalisa cin hanci. A 1958 fitilun Yoshiwara suka mutu. Ba a daɗe ba suka sake kamawa, gidajen sun zama wuraren wanka, ana ce musu wankan Turkiyya. A 1984 wani ɗan Turkiyya ya yi ƙorafi cewa ana ɓata sunan ƙasarsa, nan da nan aka saurare shi, aka sauya musu suna zuwa gidajen sabulu. Mutuncin ƙasar da ke nisan dubban kilomita an tsare shi cikin 'yan watanni, na matan da ke cikin ɗakunan kuwa yana nan a layi.

Yau a Kabukicho, a tsakiyar Tokyo, 'yan mata na tsayawa da dare a gefen lambun Okubo. Da yawansu bashi ne ya fito da su, na mashayun da samari masu kwalliya ke yi wa mace daɗin baki, su rubuta mata kwalabe masu tsada a kan bashi, sannan su nuna mata hanyar da za ta biya. Dokar 1956 ta hana saye ta hana sayarwa, amma ba ta ajiye wa mai saye hukunci ba. Sashe na biyar ya tanadi ɗaurin da zai iya kai wata shida ga wadda ta tsaya a titi tana kira. Haka aka rubuta ta, haka kuma aka yi aiki da ita sama da shekara 60: a sa matar a motar 'yan sanda, a bar mutumin ya kama jirgin ƙarshe zuwa wurin iyalinsa.